Faiba ko Alminiyom: Wane Jirgi Ne Ya Dace da Masuncin Arewa?

Tun daga hatsarin Wara na watan Mayun 2021 maganar jirgin katako ba ta sake kwanciya ba. Jirgin ya taso daga Lokon Minna a Jihar Neja ɗauke da mutane fiye da 150, ga babura, ga buhunan ƙasar ma'adinai, ya tarwatse a tsakiyar ruwa kafin ya kai gaɓar Kebbi. A ƙarshen Nuwamban shekarar wani ya kife a madatsar Watari ta Bagwai da yara 'yan Islamiyya masu zuwa Mauludi. A Yunin 2023 'yan biki sama da 100 suka halaka a yankin Patigi, sannan a farkon Oktoban 2024 aka yi na Gbajibo kusa da Mokwa. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya ba iyalansu haƙuri.

Maganin da hukumomi suka tsaya a kai shi ne a raba mutane da katako. Ministan harkokin teku, Adegboyega Oyetola, ya sha kiran gwamnatocin jihohi da su koma jiragen faiba da na alminiyom, wasu jihohin kuma har sun fara saye suna rabawa. Niyyar mai kyau ce. Sai dai ana ambaton kayan biyu a numfashi ɗaya, ana nuna duk wanda aka samu ya wadatar, alhali tsakaninsu akwai tazara mai nisa wajen nauyi, da juriya, da shan mai, da kuma abin da ya fi komai muhimmanci ga mai jirgi, wato yadda za a yi ranar da ya fashe.

Wani zai ce ai jiragen fasinja ake nufi, ina ruwan masunci? Wanda ya san bakin ruwa ba zai faɗi haka ba. A Yauri, da Malale, da Shagunu, da ƙauyukan da ke kewaye da Shiroro, jirgin da ya fita duba koma da asuba shi ne ran kasuwa zai kwaso mata da kwandunan kifi da buhunan shinkafa. Dokar da ta hau kan jirgin fito za ta sauka a kan Basarke da Bagunge da Banufe. Kuma waɗannan ƙananan masunta su ne ke samar da mafi yawan kifin da ake kamawa a cikin gida, a ƙasar da hukumomi ke ƙiyasta tana buƙatar tan miliyan 3.6 a shekara amma abin da take samarwa bai kai rabin hakan ba.

Ko ba doka ma, jirgin katako yana cikin matsi. Mai sassaƙa a bakin ruwan Yauri yana jera falankai ne ya haɗa su da ƙusa, ya cusa auduga ko tsumma a tsagin da ke tsakaninsu, ya bi da kwalta, wani wurin ya lulluɓe da yankin kwano. Sana'a ce ta gado mai ban sha'awa, kuma jirgin da take fitarwa ya san ruwan da zai shiga. Amma katakon kirki irin maɗaci ya yi wuya, yawancin falankan daga kudu ake kawo su da tsada, waɗanda ake samu da sauƙi kuwa ba sa jimawa suke ruɓewa. Shi ya sa kusan kowane jirgi yake da yaron da aikinsa ke nan, yana tsugune da yankakkiyar jarka yana kwashe ruwa tun daga tashi har sauka. Magaji dai dole a nema. Tambayar ita ce wanne.

Faiba ba ƙarfe ba ce, ba kuma roba irin ta bokiti ba. Haɗi ne na abu biyu: tabarmar zaren gilashi, da wani ruwan gam mai kauri da ake kira rezin. A Amurka aka fara yin jirage da ita a farkon shekarun 1940. Mai ƙira yana da mazubi mai siffar jirgi. Sai ya goge cikinsa da kakin da zai hana mannewa, ya shafa fenti mai tauri wanda zai zama fatar jirgin, sannan ya shimfiɗa tabarmar zaren, ya jiƙa ta da rezin da aka ɗiga wa maganin daskarwa, ya bi da abin murzawa yana korar kumfar iska. Ya ƙara wani shimfiɗi a kai, ya ƙara wani, har kaurin ya kai. In ya bushe aka zare shi daga mazubin, jirgi ya fito guda ɗaya, babu tsagi, babu ƙusa, babu inda ruwa zai bi.

Alherin farko ke nan: ba ya ruɓewa, ba ya tsatsa, gara ba ta cinsa, yaron jarka kuma ya huta. Na biyu, mazubi ba ya gardama da siffa. Ana iya ɗaukar jirgin da masunta suka saba da shi, mai dogon hanci da siririn ciki, a zuba irinsa sak, ta yadda mai jefa birgi zai tsaya a goshinsa yadda ya saba tsayawa. Na uku shi ne nauyi, wanda a babban ruwa alheri ne. Tafkin Kainji, da aka tare a 1968, ya haura murabba'in kilomita 1,200, kuma duk wanda hadarin farkon damina ya taɓa ritsawa a tsakiyarsa ya san igiyarsa ba ta wasa ba ce. Jirgin faiba mai ƙirji kamar tsinin gatari yana keta igiya ya zauna daram, iska ba ta fizgarsa da sauƙi. Ba shi da ƙara. A cikin jikinsa ana iya gina akwatin ƙanƙara, abin da zai ba masunci damar kai giwan ruwa ɗanye kasuwa maimakon ya sayar a wulaƙance ko ya banda shi dole.

Amma babbar hujjar faiba tana wajen gyara. Idan ta tsage, a jawo jirgin tudu, a bar wurin ya bushe sarai, a kankare gefen tsagin da takardar yashi, a yanko zaren gilashi a ɗora, a shafe da rezin. A zafin Arewa kafin awa ɗaya ya fara ƙanƙamewa, washegari jirgi ya koma ruwa. Ba a buƙatar wutar lantarki, ba a buƙatar janareta. Almakashi, da burushi, da gwangwanin awo sun isa. Matashin da ya iya facin taya zai koyi ƙaramin facin faiba cikin ɗan lokaci. Abin kiyayewa shi ne rezin ba ya son ajiya: watanni kawai yake yi ya daskare a cikin gwangwani, zafi kuma yana gaggauta lalacewarsa. Don haka sai an sami mai shagon da ke kawo shi sabo a kai a kai, kusa da mashigi.

Aibinta kuwa, Kainji ma shi ke tona shi. Lokacin da aka tare ruwa, ba a sare dukkan itatuwan da ke kwarin ba. Garuruwa sun nutse, har da tsohuwar Bussa inda duwatsun kogi suka ci Bature mai yawon bincike Mungo Park a 1806, an tashi mutane kimanin 44,000, amma kututtura suna nan tsaye a ƙarƙashin ruwa. Tafkin yana cika da farin ruwa na damina da baƙin ruwa mai isowa daga Gini da Mali a lokacin sanyi, sannan ya ja baya da mita da yawa kafin wata damina. A lokacin jan bayan ne kan kututture ke matsowa dab da saman ruwa, ido ba ya ganinsa. Faiba ba ta lanƙwasa. In ta daki abu mai tsini da gudu, tsagewa take yi ko ta ɓule. Masunta da 'yan kasuwar kifi na Yeji a Tafkin Volta na Ghana sun san wannan bala'i fiye da kowa, domin can dazuzzuka sukutum ruwa ya haɗiye. Haka nan jan jirgi a kan tsakuwa kullum yana cinye ƙasansa a hankali, har zaren ya bayyana ya fara shan ruwa.

Akwai wani aibin da ya fi wannan haɗari, shi ne faiba tana rufa wa maha'inci asiri. Jirgin da aka yi wa shimfiɗi uku da wanda aka yi wa bakwai duk ƙyalli ɗaya suke yi ranar bikin rabawa. Wanda ya rage zare ya cika rezin, ko ya bar kumfa a tsakani, ba mai ganewa sai jirgi ya sha wuya. An ga wannan ƙarara a Sri Lanka bayan ambaliyar tsunami ta 26 ga Disamban 2004. Ƙungiyoyin agaji suka yi rige-rigen raba jirage, masu ƙira na gaggawa suka ɓullo ko'ina, aka zuba dubban jiragen faiba. Daga baya masana, ciki har da na Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, suka nuna da yawansu sirara ne, ba su cancanci shiga teku ba. Wasu ma an ba mutanen da ba su taɓa kamun kifi ba. Duk gwamnan da ke shirin ba da kwangilar jirage ɗari ya kamata a karanta masa wannan labari.

Shi kuwa alminiyom daga sama ya sauko ruwa. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙare a 1945, kamfanin Grumman na Amurka mai ƙera jiragen yaƙi ya juya gwanintarsa ga ƙera kwale-kwale, wasu suka bi sahu. Yau ƙaramin jirgin alminiyom shi ne abin hawan masu kamun kifi a kogunan Amurka da Ostareliya, kuma shi ne ke zirga-zirga tsakanin ƙauyukan kogin Amazon a Brazil. Sirrinsa rashin nauyi: in aka auna girma ɗaya, nauyinsa kusan kashi ɗaya cikin uku ne na baƙin ƙarfe, jirginsa kuma yakan fi na faiba mai girmansa sauƙi sosai. Mutum huɗu za su iya ɗaga ƙaraminsa su ɗora a bayan a-kori-kura.

Wannan ba ƙaramin abu ba ne tun daga 29 ga Mayun 2023, ranar da aka janye tallafin mai, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta yi ta hawa har ta taɓa 1,000 a shekarar da ta biyo. Jirgi mara nauyi ƙaramin inji yake nema, ƙaramin inji kuma ɗan mai yake sha. Ba ya nitsa ciki sosai, don haka yana ratsa ruwan da bai kai gwiwa ba. In ya daki dutse sau da yawa lotsawa yake yi, a sa guduma a buga ya koma. Rana ba ta cin jikinsa, ana iya jansa a kan yashi shekara da shekaru. Ba ya tsatsa, domin da zarar iska ta taɓa shi yakan yi wa kansa wata siririyar fata da ke kare shi, kuma ruwanmu na Arewa ba na gishiri ba ne, ruwan gishiri kuwa shi ne babban abokin gabansa. In a takarda za a yi zaɓe, alminiyom zai lashe.

Matsalar tana cikin waccan siririyar fatar. Alminiyom yana narkewa a zafin digiri 660, amma fatar da ke kansa sai an haura digiri 2,000. Mai waldar bakin titi da ya saba da ƙofa da tagar ƙarfe in ya kai masa wuta, kafin fatar ta motsa cikin ya narke ya zube, ƙaramin tsagi ya zama rami. Waldarsa tana buƙatar inji na musamman, da tukunyar iskar agon mai kare wurin daga iska, da wuta tsayayya, da hannun da ya ƙware. Masu haɗa tagogin alminiyom da suka cika Kano da Kaduna yankawa suke yi su ɗaure da noti, ba walda ba. To masuncin da jirginsa ya tsage a wani tsibiri cikin Tafkin Chadi, ko a ƙauyen da ke nesa da Yauri, ina zai kai shi? Zai nemi mota, ya biya kuɗin lodi, ya yi kwanaki a birni, kifi yana wucewa. Kuma tsagewar tana zuwa: girgizar inji da dukan igiya suna gajiyar da ƙarfen a bakin walda, musamman a bayan jirgi inda aka rataya injin. Wanda aka haɗa da ƙusar ribiti kuma, in ya tsufa, ƙusoshin kan saki su fara yoyo.

Sannan ba kowane alminiyom ne na jirgi ba. Wanda ake so shi ne mai haɗin magniziyom, irin mai lamba 5052 ko 5083, ba na kwanon rufi ko na tukunya ba. Daga waje ake shigo da shi. Kamfanin narka alminiyom na Ikot Abasi a Akwa Ibom, wanda ya fara aiki a 1997, ya tsaya bayan shekara biyu, aka sayar wa Rusal na Rasha a 2007, ya ɗan motsa ya sake tsayawa, shari'a kuma ta dabaibaye shi. Gaskiya ne rezin da zaren gilashi ma da dala ake sayo su, kuma faɗuwar naira daga wajen 460 zuwa sama da 1,500 a kan dala ɗaya ta daki duka biyun. Bambancin shi ne a jirgin faiba kaso mai tsoka na kuɗin aikin hannu ne, wanda zai iya zama a aljihun mutanen gari.

Sauran ƙorafe-ƙorafen ƙanana ne a baki, manya a wurin mai yini cikin jirgi. A watan Afrilu da tsakar rana, cikin jirgin alminiyom yana yin zafi kamar murfin tukunya a kan murhu, masunci kuwa ba takalmi yake sawa ba. Kifin da aka zube a kai ma ba ya jimawa. Sai an shimfiɗa katako. Yana da ƙara: filafili ya taɓa gefe, ko dalmar koma ta faɗi, duk ruwan ya ji, wanda ke laɓaɓen yauni ko bargi a cikin ciyawa kuwa shiru yake nema. Dalmar nan da guntun wayar tagulla in suka kwanta a jiƙaƙƙen ƙasan jirgi suna cin alminiyom sannu a hankali har su huda shi, ko da yake a ruwan daɗi abin ba ya sauri. Rashin nauyinsa yana sa iska ta yi wasa da shi a fili. Kuma yana da kasuwa ko a mace: masu zuba tukwane suna sayen alminiyom da kilo. Ga mai shi wannan jari ne, tunda tsohon jirgi ba ya zama asara gaba ɗaya, amma jirgin da ke kwana a bakin ruwa ba mai gadi ya zama abin kwaɗayin ɓarawo. Tsohon jirgin faiba ba mai sata, ba kuma mai saye. Ba ya ruɓewa, ƙona shi guba ne, yana nan a gaɓa har jikoki.

Akwai gaskiya guda da masu kiran a bar katako ba su cika faɗa ba, kuma ita ce ta fi shafar rai. Yawancin katako ya fi ruwa sauƙi, shi ya sa kwale-kwalen da ya cika da ruwa ko ya kife sau da yawa yakan tsaya a sama, mutane su riƙe gefensa har taimako ya zo. Faiba ta fi ruwa nauyi da wajen rabi, alminiyom ya ninka nauyin ruwa sau 2.7. Kowannensu in ya cika, ƙasa zai tafi, ya bar mutane da ruwa tsirara. Abin da ke hana hakan shi ne a gina masa rufaffun akwatunan iska a goshi da baya da ƙarƙashin benci, a cika su da soso mai tauri wanda ba ya shan ruwa. Wannan ne kuma wurin da ɗan kwangila ya fi saurin ragewa, tunda a rufe yake. Jirgin faiba mara soso da aka loda wa mutum 100 da daddare ya fi tsohon na katako haɗari. Lodi fiye da kima, da tafiyar dare, da rashin rigar kariya, da kututture su ne ke kisa, kuma babu wanda sauya kayan ƙira zai kawar. Dokokin Hukumar Kula da Hanyoyin Ruwa ta NIWA, wadda aka kafa a 1997 da hedikwata a Lokoja, sun riga sun hana tafiyar dare da wuce kima. Ma'aikatan da za su tsaya a kowane mashigi ne babu.

Idan aka auna duka, ga mafi yawan masuntan Arewa faiba ce ta fi dacewa a yanzu. Ba don ta fi alminiyom nagarta ba, sai don ita ce za a iya gyarawa a inda jirgin yake aiki. A manyan ruwaye masu faɗi da igiya, irin Kainji da Jebba da Shiroro da Tiga, da Lagdo na Kamaru inda Hausawa masunta suke da yawa, nauyinta da siffarta sun dace, muddin an ƙara wa ƙasan jirgin kauri, an ɗora masa dogon ƙarfe ko katako a gindi don ja a kan tsakuwa, an kuma sa alama a hanyoyin da kututture yake. Aikin cire kututturan da hukumar raya yankunan madatsun wutar lantarki (HYPPADEC) da NIWA suka taɓa farawa a yankin Kainji ya cancanci a ba shi kuɗi na dindindin, domin kowane irin jirgi zai amfana.

Alminiyom yana da gurbinsa, kuma a nan babu mai ja da shi. Jirgin ceto da ake so a ɗora a mota a kai inda ambaliya ta afku, jirgin ma'aikatan lafiya masu kai rigakafi tsibirai, jirgin sintiri, duk hukuma ce ke da su, tana kuma iya ɗaukar nauyin waldarsu. Haka wuraren da ruwa ba zurfi kuma dutse ya yi yawa, ko fadamun Haɗeja da Nguru inda kachala ta toshe hanyoyi har sai an sauka an ja jirgi da hannu. Tafkin Chadi, wanda ya kai murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960 kafin ya tsuke ya zama ruwa mara zurfi mai tsibirai da ciyayi, a siffa wurin alminiyom ne. Amma nisansa da masu walda, da halin tsaron da ya durƙusar da kasuwar kifi ta Baga shekaru da dama, sun sa lissafin ya koma kan abin da za a iya facewa a tsibiri.

Duk wannan magana ce ta masu inji. Akasarin masunta ba su da shi. Ɗan kwale-kwale ne da filafili da 'yan ƙugiyoyi da gura. Irin wannan mutum ba zai iya sayen ko ɗaya daga cikin biyun da kuɗi hannu ba, ko da kuwa an nuna masa cewa jirgin zai ninka na katako daɗewa. Senegal ta daɗe tana ƙoƙarin sauya jiragen masuntanta zuwa faiba, amma har yau gaɓar Kayar da Mbour da Saint-Louis cike take da na katako masu fenti kala-kala, kuma tsada ce babban dalili. Haramta katako kafin a samar da hanyar biya kaɗan-kaɗan zalunci ne ga talaka, kuma dokar ba za ta yi aiki ba. Masunta suna da tsarinsu na bashi tun da can: dillalin kifi ya saya wa mutum koma ko inji, yana cirewa daga kamu. A kan irin wannan tsari, da ƙungiyoyin masunta, da sa hannun sarakunan ruwa, ya kamata a ɗora rancen jirgi, a daidaita biyansa da lokacin da kifi ke samuwa, ba da kalandar banki ba.

Su kuma masu sassaƙa, kuskure ne babba a ɗauke su a matsayin waɗanda zamani ya wuce. Su ne suka san tsawon da jirgin taru yake buƙata, da faɗin da ya dace da mai jefa birgi, da yadda hanci zai tashi don igiyar wani ruwa. Mazubin faiba ma daga samfurin katako ake fara ciro shi, aikin kafinta ne. A New Bussa akwai Cibiyar Binciken Kifin Ruwan Daɗi ta Ƙasa, wadda tushenta ke komawa ga aikin binciken tafkin da aka fara a 1968, akwai kuma kwalejin tarayya ta koyon fasahar kiwon kifi da su, da takwararta ta Baga. Kuɗin jirage goma daga cikin waɗanda ake sayowa daga Legas ko Fatakwal zai iya buɗe wurin koyar da zuba faiba a can, a kawo 'ya'yan masu sassaƙa daga Yauri da Argungu da Lokoja da Ibi su koya, kowa ya koma gida da mazubi da sanin awon rezin. Akwai ma matakin tsakiya da ya fi araha, wato lulluɓe sabon jirgin katako busasshe da faiba ta waje, wanda in an yi shi da kyau yana tsayar da yoyo ya ƙara wa jirgi kwana.

Jihar da ta riga ta yanke shawarar saye, aƙalla ta rubuta a takardar kwangila kaurin jikin jirgi, da yawan soson da za a sa, da adadin mutanen da zai ɗauka a rubuce ɓaro-ɓaro a gefensa, da kayan faci da za su zo tare da shi, da mutum biyu da za a koya wa gyara a kowane mashigi. Kafin a biya ɗan kwangila kuma, a zaɓi jirgi ɗaya cikin kowane rukuni, ba wanda shi ya nuna ba, a kai shi bakin ruwa a gaban sarkin ruwa da masunta, a ɗora masa buhunan yashi daidai nauyin injinsa, a cika shi da ruwa har baki. In ya tsaya a sama a karɓi rukunin. In ya nutse, a mayar masa da kayansa gaba ɗaya.